Shekarar da Na Bi Fanna Yaye

Akwai maganganu biyu da ke yawo a cikin zuri'ata game da shekarar da na bar gidana na Nguru na je na zauna a zauren wata tsohuwa a Gashuwa, kuma babu ta gaskiya a cikinsu. Ta farko ita ce wadda kuke faɗa kuna dariya idan kun ɗauka barci nake yi, wai auren Hajja Zara na je nema na fake da jika. Ta biyu ba a faɗarta da dariya: wai Hajja Zara ta kusa kashe Fanna da hannunta, ni na ƙwace ta. Ta farkon ba ta dame ni ba, tsoho ma yana so a yi masa zaton ƙuruciya. Ta biyun ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin matar tana ƙarƙashin ƙasa yanzu, ba ta da bakin kare kanta.

Wanda ya karanta abin da na rubuta a baya ya san ni ɗan hanya ne. Mahaifina Bamange ne, mai sayen ƙaro da fata a bakin tashar Nguru, inda layin dogo ya zo ya ƙare kamar ya gaji. Ni kuwa inda dogo ya tsaya nan na fara. Ƙaro ya kai ni Abeshe ta Chadi da Omdurman ta Sudan, fata ta kai ni Agadas, aikin hajji da ciniki suka zaunar da ni Jidda. Na tashi da Barbarci da Hausa a baki, na tsinci Fillanci a kasuwar shanu, Larabci a hanyar gabas, Faransanci a bakin ma'aikatan kan iyaka. Duk inda na sauka na lura da abu guda: mutane ba su san wata hanyar nuna ƙauna da ta wuce cusa maka abinci ba. Basudane zai yi ta rantsuwa idan ka ɗaga hannu daga tire, Buzu zai bi ka da shayi kofi bayan kofi, mu kuma a nan sai mu ce wa mutumin da cikinsa ya kusa fashewa, “Ƙara mana, ai ba ka ci komai ba.” Ban taɓa zaton zan ga ranar da wannan ƙaunar za ta zama abin tsoro ba.

A shekarun da nake magana a kansu tafiya ta fara yi mini nauyi. Uwargidana ta rasu, ina zaune da ɗana Modu, malamin makaranta, da matarsa Hadiza, 'yar Badawan Gashuwa, wadda ita kaɗai ta rayu a cikin 'ya'yan Hajja Zara. Fanna ce 'yarsu ta fari, sunanta na yanka Falmata. Ta fara zama ke nan, wata safiya ta yi amai kore kamar gansakuka, cikinta ya kumbura ya yi tauri. A asibitin garinmu suna dubawa suka ce mu wuce Kano, kada mu tsaya ko ɗaukar kaya. A ranar aka shiga da ita tiyata. Likitan da ya yi aikin, wani dogon mutum mai magana a hankali, ya fito ya zaunar da mu ya ce hanjin ne ya murɗe a kan kansa kamar yadda mace ke murɗe wanki ta matse, jini ya daina isa, mafi yawan ƙaramin hanjin ya mutu, dole ya yanke shi.

“Baba Alhaji,” ya ce, “ƙaramin hanji shi ne inda abinci ke shiga jiki. Nata ya gajarce. Abinci zai shiga ya wuce kafin jiki ya ɗauki rabonsa.”

“To sai yaya? Ba a dasa wani?”

“Ana yi a wasu ƙasashe, kuma ko a can ba da shi ake farawa ba. Hanjin yaro yana girma tare da shi. Wanda ya rage zai iya koyon aikin wanda ya tafi, idan an ba shi lokaci, kuma idan ba a bar shi ba aiki ba.”

Modu bai gane ba, kuka ya hana shi. Ni kuwa na gane, domin na ga irin wannan a ƙasa. A hamadar gabas na taɓa ganin kwari ya cika da ruwa bayan hadari, ya taho da ƙarfi har yana jan raƙumi, kafin rana ta karkata ya wuce, ka tona yashin ka tarar da shi a bushe. Kogin da ya ratsa Gashuwa kuwa ba ya sauri. Yana lanƙwasa, yana komawa baya kamar ya manta wani abu, yana kwanciya a fadama, shi ya sa duk inda ya bi akwai shinkafa da kifi. Cikin jikata ya zama kwarin hamada, ana so a mai da shi kogi.

Watannin da muka yi a asibitin nan, in na tuna su yanzu, kamar mafarkin da aka yi da rana ne. Na fi tuna fari: farin bango, fararen riguna, da wani farin ruwa kamar madara da ke rataye a leda yana bin siririyar roba zuwa babbar jijiyar da ke kusa da zuciyarta. Wannan shi ne abincinta, yana shiga jini kai tsaye, bai san baki ba, bai san ciki ba. Aka ce mana shi ke riƙe da ita, amma idan ya daɗe yana ɓata hanta, kuma robar hanya ce ta ƙwayoyin cuta. Mun ga duka biyun. Idonta ya taɓa yin rawaya, zazzaɓi ya taɓa ɗauke ta har muka sallama. Da farko sun fito da bakin hanjin ta gefen cikinta, bayan gida na zuba a leda, daga baya suka sake shiga suka haɗa shi da babban hanji. Sannan aka zura wata roba ta hanci har ciki, ana ɗiga mata nonon uwarta ɗigo-ɗigo, don hanjin ya sami abin koyon aiki a kansa. Kullum a ƙara kaɗan a nan, a rage kaɗan a can. Nakan zauna ina kallon ɗigon yana taruwa, ya yi nauyi, ya faɗa, har in ji kamar ina kan raƙumi.

Ranar da aka cire robar jijiya muka dawo Nguru da ta hanci, da jakar magunguna, da dokoki da suka saɓa wa duk abin da iyayenmu suka koya mana. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa. Babu zaƙi, domin sukari yana janyo ruwan jiki zuwa cikin hanji ya fita da shi. Ko tsurar ruwa ba a ba ta da yawa, sai ruwan gishiri da aka auna. Akwai maganin rage gudun hanji, da na rage tsamin ciki, da allurar ƙarin jini lokaci-lokaci. Ni da Hadiza muka koyi tura madara ta musamman da babban sirinji, a hankali. Ni da salati nake auna saurin hannuna. Sai dai akwai abin da babu maganinsa a jakar: yarinyar ta ƙi komai ta baki in ban da nono. Bakin da bai san komai ba sai roba da ɗacin magani, yana ganin cokali sai ya ƙulle.

Tana dab da shekara biyu Hadiza ta sami ciki mai wahala, ta kwanta, nonon ya ja baya. Da muka koma Kano awo, likitan ya daɗe yana kallon ma'auni. Ya ce nauyinta ya tsaya. Hanjin ya buɗe ya yi faɗi, abinci na kwanciya a ciki yana lalacewa. Akwai aikin da ake yi, a tsattsaga hanjin da ya buɗe, nan ta dama nan ta hagu, ya zama siririyar hanya mai karkace-karkace, tsawonsa ya ƙaru.

“Ina iya yi,” ya ce, “amma ba na son in sake buɗe cikin nan. Hanjin kaɗan ne, duk abin da na taɓa ba ni da madadinsa. Ku je. Idan kafin ruwan farko ta fara ci da bakinta, nauyi ya motsa, mun tsira. Idan ba haka ba, ku zo da shirin kwana.”

Muna dawowa muka tarar da Hajja Zara a tsakar gida, da ƙullin kayanta da kwandon busasshen kifi. Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu. A unguwarsu an san ta da abu guda, yaye. Duk yaron da aka cire daga nono ya ƙi abinci, wurinta ake kai shi. Ta kwantar da shi a cinya, ta kafa tafin hannu a bakinsa, ta zuba kunu a ciki, ta toshe masa hanci har sai ya haɗiye. Wannan ɗurar ita ce sunanta da darajarta, kuma yaran sukan koma gida da kumatu. Yanzu ga jikarta ta farko ta isa yaye, kuma ko'ina a ƙasar nan kaka ce ke ɗaukar yaro ta tafi da shi har ya manta nono.

“Wushe, Alhaji,” ta ce da ni da Barbarci, don ta nuna ita ma ta iya. “Na zo ɗaukar 'yata.”

“Hajja, wannan ba kamar sauran yara ba ce.”

“Duk uwar da ta kawo mini ɗa haka take cewa. Kalle ta, kamar tsinken tsire. Kun rataya mata igiya a hanci kamar saniya, kuna ba ta abinci da allura. Ku ba ni ita wata guda.”

“Likita ya ce...”

“Likitan ya taɓa yaye?”

Hadiza tana ɗaki tana ji, ba ta iya cewa uwarta a'a. Modu kuwa suruki ne, ko ido ba ya haɗawa da ita. Idan aka hana ta, an gaya wa duk Gashuwa ke nan cewa hannun da ya rayar da 'ya'yan mutane ba a yarda da shi a kan jininsa ba. Idan aka ba ta, na san abin da zai faru. A cikin makon ne kuma ɗan abokina Abdulkarim ya bugo mini waya daga Abeshe. Abdulkarim shi ne mutumin da muka yi shekaru muna bin dajin ƙaro tare, shi ya taɓa goya ni a bayansa da maciji ya sare ni. Ɗan ya ce jikin tsohon ya yi nauyi, yana ta tambayata. Na ce a gaya masa ina nan tafe, akwai ɗan abin da zan gama.

Na koma wurin Hajja na ce mata ta tafi da jikarta, amma da ni za a tafi.

“Kai kuma a wa? Kai ma yaye za a yi maka?”

“Ni ne mai sirinji.”

Ta yi dariya har da tafa cinya. Haka na tare a zauren marigayi mijinta, da tabarmata da butata. Ban taɓa jin ƙasar da kakan wajen uba ke bin jika gidan yaye ba, kuma dattawan unguwar ma ba su taɓa ji ba. Kullum da safe in na fito masallaci sai wani ya ɗaga murya:

“Ango, an tashi lafiya? Yaushe za mu ci goron?”

Daga nan maganarku ta farko ta samo asali.

Gidan yana kusa da kogi. Da hantsi ake fito mini da Fanna ƙarƙashin bishiyar maina, wato dogon yaro, in ɗora ta a cinya in fara tura madarar, muna kallon masunta a can nesa kwance a kan manyan goruna, ruwa na tafiya da su kamar masu barci. Tsuntsayen da ke zuwa daga ƙasashen sanyi suna tashi daga fadama garke-garke, in riƙa gaya mata sunayen garuruwan da suka ƙetare, tana kallon bakina. Hajja tana gefe tana gyaran kifi, tana satar kallon sirinjin kamar abin ƙyama. Ta yi alkawarin ba za ta ba ta komai ba sai da sanina, kuma ta riƙe alkawarin har tsawon lokacin da na san ya yi mata tsada. Ku tuna, tana kallon jikarta tana ramewa a gabanta, ga tukunya, ga hannun da bai taɓa ba ta kunya ba.

Wata Juma'a na dawo masallaci na tarar da ita a bakin zaure, fuskarta na sheƙi, tana riƙe da ƙwarya.

“Alhaji, duba. Tas! Kunun gyaɗa ne, na sa mata zuma da sukari don ya yi ƙarfi. Ka ce ba ta ci? Ba ku iya ba ne.”

Fanna tana kwance a tabarma tana shessheƙa. Kafin la'asar gudawa ta ɓalle, ruwa zalla, zani bayan zani. Ga zafin bazara. Idonta ya faɗa, na ja fatar cikinta ta tsaya ba ta koma ba. Na tura ruwan gishiri ta roba, yana shiga yana fita. Muka ɗauke ta sai asibitin Gashuwa. Ma'aikatan sun sha wahala kafin su sami jijiya, domin jijiyoyin nan duk an gama soke su tun tana jaririya, a ƙarshe a gefen kai aka samu. Allah Ya saka musu da alheri, sun tsaya a kanta har ta buɗe ido. Amma ɗan naman da muka tara a watanni ya tafi a yini guda.

Modu ya iso daga Nguru idonsa jajur. Ya ja ni gefe.

“Baba, ya isa. Zan mai da ita gida. Kai kuma ka tafi Abeshe, sun sake bugowa.”

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya so. Na ga hanyar a idona, na ga Abdulkarim a kan gadonsa yana zagina da Larabci don na makara. Amma na duba gida: uwa a kwance, yarinya kusa da nonon da babu komai a cikinsa, uba a makaranta. Na duba can ƙarƙashin wata bishiya a harabar asibitin, inda Hajja ke zaune tun jiya ba ta ci ba, ta tura hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne.

“Malam,” na ce da shi, don ban saba kiran sunansa a gabansa ba, “idan ka ɗauke ta yau, tsohuwar can ba za ta sake ɗaga kai a garin nan ba, 'yarka kuma ba ta koyi ci ba. Ka koma aikinka.”

Na je na zauna nesa kaɗan da Hajja.

“Ka zage ni mana,” ta ce.

“Da wane harshe? Na iya da yawa.”

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Hannun nan bai taɓa kashe ɗan kowa ba.”

“Bai kashe wannan ba ma.”

Sai na ba ta labarin kwarin hamada da kogi, kamar yadda na ba ku. Ta saurara har na gama, sannan ta harare ni.

“Kai Bamange, ɗan tudu, kai za ka koya mini kogi? A cikinsa aka yanke mini cibiya.” Sannan ta ce, “Ka san abin da ya fi ci mini rai? Da na miƙa hannu zan taɓa ta ɗazu, ta kau da kai. Ba kunun take tsoro ba, Alhaji. Hannun da ke nufo fuskarta take tsoro. Nawa, da naka, da na masu fararen riguna. Tun da aka haife ta duk hannun da ya nufo bakinta da ciwo yake zuwa.”

Na ce ni kuma na lura da wani abu: in ina cin abinci a zaure takan bi lomata da ido daga kwano har baki.

Abin da muka yi bayan an sallamo ta ba wani abin a zo a gani ba ne. Na buga wa likitan Kano na tambaye shi abin da cikinta zai iya ɗauka, ya ce kifi dafaffe mai ɗan gishiri, da shinkafa mai laushi, babu zaƙi, kuma a ci gaba da roba. Hajja ta riƙa zuwa bakin kogi da kanta tana zaɓo karfasa, ta dafa, ta zauna tana tsince ƙaya da yatsun nan nata har naman ya zama kamar auduga. A zuba a kwanona, ba nata ba. In zauna ƙarƙashin maina in ci, ina santi da ƙarfi, in rage kaɗan a gefe kamar yadda kowane dattijo ke rage wa yara, in ture kwanon, in ce:

“Ke amarya, kada ki taɓa mini kifi. Na mijinki ne.”

Sai in juya baya in ɗauki carbi. Hajja ma ta juya nata bayan, ta zauna a kan hannayenta. Ta ce haka ubanta ke yi a kan gora, ya kwanta shiru har kifi ya manta da shi.

Mun daɗe a haka. Kwanaki suna shiga juna, rana ta fito ta faɗi, kwano ya koma ciki kamar yadda na ture shi, kaji su samu. Dattawan unguwa suka ce ango da amaryarsa Hajja sun yi faɗa, kowa ya ba wa kowa baya. Wani lokaci Fanna takan sa yatsa a kwanon ta goga a tabarma. Wani lokaci ta shinshina. Fadama ta janye, tsuntsayen da suka zo baƙunci suka koma ƙasashensu, gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma ya watse. Kowane gajimare ni wuƙar likita nake gani a cikinsa. A cikin waɗannan kwanakin ne aka bugo daga Abeshe aka ce Abdulkarim ya cika. Ɗansa ya ce ya bar mini saƙo: wai a gaya wa Banajeriyen nan har yanzu bai iya cika alkawarin lokaci ba. Na yi masa addu'a a bakin kogi, na dawo na zauna a gaban kwano, don lokacin cin abinci ya yi.

Wata rana da hantsi, ina juye da baya, na ji wani ɗan sauti. Ba ƙarar kwano ba ce. Tsotsar yatsa ce. Na dubi Hajja ta gefen ido. Ta ji ita ma. Hawaye na bin kumatunta suna ɗiga a zani, hannayenta suna ƙoƙarin fitowa daga ƙarƙashinta tana ƙara danne su. Na ga leɓenta na motsi, na san me take so ta ce, abin da kowace kaka ta ƙasar nan za ta ce: ƙara mana. Ba ta faɗa ba. Na yi yawo a duniya, na ga masu azumi a tsakiyar hamada ga salkar ruwa cike a gefensu, ban ga haƙurin da ya kai na matar nan a wannan hantsin ba.

Can sai muka ji ƙaramar murya a bayanmu.

“Kaka. Babu.”

Na juyo na ɓata fuska. “Wa ya cinye mini kifi?”

Ta nuna kaza.

Abin da ta ci bai fi cikin cokali ba, kuma washegari ta ƙi. Amma ta dawo. An yi ruwan farko muna hanyar Kano, ƙanshin ƙasa ya cika motar. Likitan ya ɗora ta a ma'auni, ya sauke, ya sake ɗorawa. Nauyin ya motsa kaɗan, amma ya motsa. Ya ce a ajiye maganar aiki tukuna, a ci gaba da abin da ake yi, a dawo. Muka yi ta dawowa, yana ta ɗagawa, har ya daina ambatonta. Robar hanci ta ƙara kusan shekara kafin a cire. Ba a sake buɗe cikin ba.

Hajja Zara ba ta sake yi wa ɗan kowa ɗura ba. Mata suka yi ta kawo mata yara, ta zaunar da su gaban kwano ta juya baya, wasu iyayen suka ce tsufa ya taɓa ta, suka daina kawowa. Sunan da ta yi shekaru tana ginawa ya tafi, ba ta taɓa kuka da shi a gabana ba. Ta rasu Fanna tana aji biyu a firamare. To ku ji da kyau: ta yi kuskure yini guda, irin kuskuren da kowannenku zai yi da abinci a hannu da yaro mai rama a gaba. Sauran kwanakin duka ita ta tsince ƙayar.

Fanna yanzu budurwa ce, siririya, tabon tiyata ya ratsa cikinta. Har yau ba ta shan lemo, tana ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, tana karɓar allurarta, kuma a lokacin zafi ba ta rabuwa da gorar ruwan gishiri. Ni kuma haƙorana sun tafi, abinci ya fita daga raina, 'ya'yana mata kullum suna kaina da cokali da roƙo da faɗa, ni kuwa in ƙulle baki. Jiya da hantsi ta kore su duka daga ɗakina. Ta shigo da kwano, ta zauna a bakin tabarmata ta ci 'yan lomomi tana santi, ta ture shi kusa da gwiwata. Karfasa ce, an tsince ƙayar tas.

“Kai tsoho,” ta ce, “kada ka taɓa mini kifi.”

Ta juya mini baya, ta zauna a kan hannayenta.